Tambaya: ƙwayoyi masu rufin DNA sun ƙi zama kiristal ɗin CsCl a LAMMPS

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka da shawara.

A LAMMPS, manhajar kwaikwayon motsin ƙwayoyi a kwamfuta, ina kwaikwayon ƙwayoyin koloyid (ƙananan ƙwayoyi masu yawo cikin ruwa) 1000 masu girma ɗaya, 500 nau'in A, 500 nau'in B. Ina so su jeru da tsarin CsCl, inda kowace A ke tsakiyar B takwas, kowace B kuma tsakiyar A takwas. Ban saka zaren DNA ɗaya bayan ɗaya ba. A madadin zaren, tsakanin A da B na sa jan Morse (wani lissafin ƙarfin jan juna) mai gajeren zango, kusan kashi 3 cikin ɗari na faɗin ƙwaya, A-A da B-B kuwa turin WCA kawai, wanda ke hana ƙwayoyi shiga cikin juna. Dabarar daidaita zafi ta Langevin ke riƙe zafi, takun lokaci 0.001, ƙwayoyin sun cike kashi 10 cikin ɗari na akwatin.

Idan zurfin jan ya kai 4 kT (kT shi ne ma'aunin kuzarin zafi), ƙwayoyin na yawo, su haɗu su rabu. Da na kai shi 6 kT sai su manne su zama dunƙule mai rassa-rassa, ba tsari, q6 na Steinhardt, ma'aunin tsarin kiristal, ba ya motsi. A ganina da zarar ƙwaya ta kama maƙwabta uku ko huɗu ba ta iya mirginawa ta gyara zama. Tazarar zurfin jan da kiristal ke tsira a cikinta siririya ce ƙwarai, kuma takun 0.5 kT da nake ƙara zurfin da shi yana tsallake ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne irin da ake dasawa don kiristal ya tsiro a kansa. Na dasa ƙaramin CsCl a tsakiya, bai narke ba, amma ya karkace ya nufi wani tsarin kiristal mai suna CuAu, inda kowace ƙwaya ke riƙe maƙwabta 8 na ɗaya nau'in kamar dā. Rashin isasshen turi tsakanin A-A ne ya jawo haka, ko halin samfurin ne? Sannan wajen gano tazarar, B2 na Noro da Frenkel, adadin da ke taƙaita ƙarfin jan tsakanin ƙwayoyi biyu, zan bi, ko in rage taku zuwa 0.1 kT?