Rigimar Gizo da Ananse a guruf ɗin zumuncin zangon Kumasi

Maman Sadik:
Salamu alaikum jama'ar guruf. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina don tun ranar Asabar nake haɗiye shi. An gayyaci Sadik bazde na ɗiyar wata maƙwabciyarmu a nan Asawase, ba zan kama suna ba ta san kanta. Tun saura sati biyu aka aiko wa kowane yaro kati an rubuta wanda zai zama, wannan Kura, wannan Dila, wancan Zaki, wata Ƙoƙi, har da Sindirela ta littafin Turawa, wai kowa ya zo da shigar da ta dace da shi. Sadik aka ba shi Gizo, wato Anansen Hausawa. Na shiga kasuwar Kejetia da rana tsaka na sayo baƙin yadi, tela ya caje ni sidi 80, ƙafafun kuma da hannuna na yi, tsofaffin safa shida na cusa wa tsumma na ɗinke a gefen rigar har ƙarfe ɗayan dare. Da suka je wai an sace kek, an barbaɗa fulawa a ƙasa an yi sawu, an maƙala zare a ƙofar kicin, yara su bi alamu su yi ta yi wa juna tambayoyi har su gano ɓarawo. Da aka buɗe ambulan a ƙarshe wa aka gani? Gizo. Ɗana. Yara suna nuna shi da yatsa suna ihu, yau kwana uku har a makarantar allo sunansa ɓarawon kek. Ni a ganina wasan nan zargi da sharri kawai yake koya wa yara, ya kamata mu iyaye mu hana shi shigo mana zango.

Baba Alhassan Yalwa:
Wa alaikumus salam. Maman Sadik Allah ya ba da haƙuri, amma ki janye kalma ɗaya. Anansen Hausawa kamar yaya? Gizo ba ɗan aron kowa ba ne.

Razak Tafo:
Baba da girmanka, to ina bambancin? Ananse a Twi, yaren Asantawa, gizo-gizo ne, Gizo ma gizo-gizo ne, duk su biyun cin amana da ciki suka sa gaba. Mu da muka tashi muna kallon Maame Dokono tana ba yara labari a talabijin Ananse muka fara sani kafin Gizo, gaskiya ɗaya ce

Baba Alhassan Yalwa:
Wannan laifin gidanku ne ba na Gizo ba.

Anti Memuna Aboabo:
Kai Baba 😂😂

Razak Tafo:
Ni ba gidanmu na kawo ba fa. Kuma Maman Sadik safa shida da hannu biyu da ƙafa biyu ai goma ke nan, gizo-gizo takwas gare shi, ƙaguwa kika tura bikin

Maman Sadik:
Razak ba da kai nake ba. Ni maganar wasan nake yi

Hajiya Kaka:
Ku yaran yanzu ba ku ji tatsuniya daga baki ba shi ya sa. Gizo tsamin baki gare shi, ba ya iya cewa sarki sai sayki, in kakarmu tana kwaikwayonsa har sai mun riƙe ciki. Ananse kuwa ta hanci yake magana, ku tambayi duk wata tsohuwar Asantawa. Matar Gizo Ƙoƙi ce kuma ita ba gizo-gizo ba ce ma, ƙoƙi-ƙoƙi ce mai dogon wuyan nan. Ananse yana da ɗa Ntikuma wanda ya fi uban hankali. Ina aka haɗu? Mu dai ko a rufe tatsuniya sai mun kira shi, ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Abin da ya ba ni haushi a bikin nan ɗaya ne, da rana tsaka aka yi, mu da aka hana mu tatsuniya da rana

Malam Tanko ticha:
Bari na kawo hujja tunda kowa da ka yake magana. Wani Bature Rattray da ya yi aiki a nan ƙasar zamanin tana Gold Coast ya fitar da littafin tatsuniyoyin Hausa a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami. Shi dai wannan Baturen bai fitar da na Asantawa ba sai 1930. Ku lissafa, shekara 17 tsakani. To wa ya riga wa?

Razak Tafo:
Haba ticha. Wato ranar da Bature ya rubuta abu ranar aka haife shi? Ananse fa tun zamanin cinikin bayi ya haye teku, har yau a Jamaika suna ba da labarin Anansi. Ka je Bonwire nan kusa da mu, za su gaya maka kakanninsu wajen gizo-gizo suka ga yadda ake saƙa kafin su fara saƙa yadin kente. Har a adinkra, zane-zanen gargajiyarsu, tambari gare shi, Ananse ntontan, yanarsa ke nan. Kuma a labarinsu shi ya sayo duk tatsuniyoyin duniya daga wajen Nyame, ubangijinsu na sama, ya biya da mesa da damisa da zirnako, shi ya sa suke ce wa tatsuniya Anansesem. Gizo me ya saya?

Baba Alhassan Yalwa:
Gizo bai saya ba don nasa ne tun asali. Wannan wayar da kake dannawa kana yi mana rashin kunya a kan me take tafiya? Yanar gizo. Ka taɓa jin an ce yanar Ananse?

Anti Memuna Aboabo:
Baba ya ci wannan wallahi 🙌

Razak Tafo:
Fassara ce fa kawai aka yi

Baba Alhassan Yalwa:
Kakanninmu fatake sun yi shekaru aru-aru suna zuwa Gwanja sayen goro, ayari ya kwana a zango a hura wuta, me kake tsammani ake yi da dare in ba hira da tatsuniya ba? Bayan yaƙin 1892 a Salaga, babbar kasuwar Gwanja, mutane suka watsu, wasu Kete Krachi wasu nan Kumasi wasu Ankara, wato Accra. Da kayansu suka zo. Wakye da ake layi a kansa kowace safiya sunansa ma namu ne, shinkafa da wake. Koko da ƙosai fa, ai har yau Hausa koko suke cewa. Wanda ya ari abincinka zai ji kunyar aron tatsuniyarka?

Razak Tafo:
To yanzu kuma wake ne hujja

Sister Zainab Alabar:
Ni uwata Ba'asantiya ce ubana Bahaushe, kuma wannan maganar ta aro ba na son ta Baba. Kullum sai a nuna kamar su ba su da komai sai da aka kawo musu. Kakata ta wajen uwa ba ta jin Hausa ko sannu amma ta san labarin Ananse da tukunyar hikima, yadda ya ɗaura ta a ciki ya kasa hawa bishiya sai da ɗansa ya ce ya mayar da ita baya. Wane bafatake ne ya koya mata?

Baba Alhassan Yalwa:
Ɗiyata ban zagi kakarki ba.

Sister Zainab Alabar:
Ban ce ka zaga ba

Aminu ɗan Kano:
Ni baƙo ne a Kumasi shekarata biyu, amma ku yi haƙuri, ku da ba ku bambance ya da ta ba ku ne za ku yanke hukunci a kan Gizo? Jiya a Aboabo na ji wani yana cewa matata ya tafi kasuwa 😂 Ku bar mana Gizonmu ku riƙe Ananse

Anti Memuna Aboabo:
Aminu ka kiyaye mu. Kai da ka zo nan ba ka iya cewa ko medaase, na gode da Twi, ba, mu kowannenmu Hausa da Twi da Turanci yake juyawa a baki ɗaya, wasu har da Dagbanci. Da Hausar tamu kake cin abinci a Alabar, in ba ta yi maka ba ga tashar mota can

Razak Tafo:
Yau ni da Anti muna layi ɗaya

Baba Alhassan Yalwa:
Aminu a kan Gizo ina tare da kai, a kan Hausarmu ka yi shiru.

Ustaz Bashir:
Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Shi bazde ɗin daga ina muka samo shi? A sa wa ɗan musulmi ƙafafun ƙwaro, a sa wa wani fuskar kura, a ce wasa ne. Ku ji tsoron Allah

Aminu ɗan Kano:
Ustaz a nan kam ban bi ka ba. Tashe fa? In azumi ya kai goma yara a Kano suna manna auduga a haɓa su zama tsoho da gemu, wani ya yi shigar mata, ana bi gida gida ana ba su hatsi da kuɗi. Shigar wasa ba Bature ya kawo mana ba

Ustaz Bashir:
Tashen ma ai akwai magana a kansa

Hajiya Kaka:
Ustaz kai da na san ka kana yawo da gwangwani a wuya kana ganga, yau kai ne

Maman Sadik:
Jama'a saƙo ya haura ɗari ba wanda ya tambayi yadda yaron yake

Maman Husna:
Tunda an ce na san kaina to ga ni. Maman Sadik da kin ƙwanƙwasa ƙofa da mun gama wannan a tsakar gida, taku goma ne tsakaninmu. Katunan nan a kwano na zuba su Husna ta rufe ido ta ɗauka, ban zaɓa wa ɗan kowa ba. Kuma Sadik ya san shi ne mai laifin tun ranar Juma'a, na kira shi gefe na gaya masa don wasan ba ya yiwuwa sai mai laifin ya san kansa ya iya kare kansa. Yaron nan ya fi kowa iyawa, Dila ya tsare shi da tambaya ina kake lokacin da aka ɗauke wuta, ya dubi idonsa ya ce ina wajen sayki, har da tsamin bakin, manya ma sai da muka faɗi da dariya. Ya lallaba ya goga fulawa a wutsiyar Kura, yara tara cikin sha huɗu Kura suka zaɓa, ɗan mutane har ya fara hawaye. Da aka buɗe ambulan shi ya hau kujera da kansa yana rawa. Kyautar da ta fi girma shi ya tafi da ita, akwatin kala da yanka biyu na kek. In ana tsokanarsa a makarantar allo ban ji daɗi ba kuma zan yi wa malaminsu magana da kaina, amma kar a ce na koya wa yara sharri

Razak Tafo:
Ya shafa wa Kura laifi? To wannan ai aikin Ananse ne sak 😂

Baba Alhassan Yalwa:
Gizo da Kura tun kafin a haifi kakanka suke wannan.

Malam Tanko ticha, admin:
To jama'a dare ya yi, zan rufe guruf zuwa safe. Ga abin da aka tsayar a taƙaice. An tabbatar da hujjar littafi da ta tarihi cewa Gizo namu ne kuma ya riga, Baba Alhassan da Hajiya Kaka sun yi bayani mai gamsarwa. Razak ya kawo wasu maganganu na Jamaika da saƙa waɗanda ba su shafi batun ba. Sister Zainab ta yi fushi a kan abin da ba a faɗa ba. Aminu zai nemi afuwar mutanen Aboabo. Maganar Ustaz a kai ta wani zama. Maman Sadik ta amince kuskure ne ta ce Anansen Hausawa. Batun wasan kuma ba wanda ya nuna yana da matsala da shi.

Maman Sadik:
Yaushe na amince?? Kuma ni ce na ce ina da matsala da shi, da shi na buɗe maganar

Razak Tafo:
Admin ya zama alƙali a shari'ar da shi ma mai ƙara ne

Maman Husna:
Maman Sadik kafin a rufe, ƙafar Gizo ɗaya ta cire tana bayan kujerarmu tun Asabar, safa ce mai ratsin ja. Ki turo shi da safe ya ɗauka, akwai sauran kek a firij