Abincin 'yan Indiya da Pakistan a Dubai: ina zan kai Hajiya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Sati mai zuwa in sha Allah za mu shiga Dubai ni da Hajiyarmu, masaukinmu a Deira ne, wajen Naif. Hajiya ta kafe sai ta ci biryani na asali, wai ta gaji da gani a fim. Tana da hawan jini, cikinta kuma ba ya son yaji. Wane gidan abinci na 'yan Indiya ko 'yan Pakistan zan kai ta?

Alhaji Na-Kwari: Wa alaikumus salam. Ravi, a Satwa. An gama magana.

Sadi Waya: Alhaji kullum Ravi, kamar kana da hannun jari a ciki 😂

Alhaji Na-Kwari: Yaro, tun 1978 suke dafa abinci a wurin nan, ba a ma san za a haife ka ba. Mutanen Pakistan ne, sunan ma na kogin da ya ratsa ta gefen Lahore ne. Kujerun ba na ƙawa ba ne, amma ka je da dare ka ga direbobin tasi da masu manyan motoci a layi ɗaya.

Sadi Waya: Wannan kam gaskiya ne. Har Adidas sun taɓa yi musu takalmi da sunansu a 2022.

Hajiya Zazzau: Maman Hanifa, ki tsaya ki ji nawa kafin mazan nan su kai ki su baro. Ba Ravi nake nufi ba, ban taɓa zuwa can ba. Wani ne a lungunan bayan Naif, ba zan kama suna ba. Ni da matar yayana muka shiga bayan isha'i, mun wuni muna yawon shaguna, ƙafafu sun kumbura, yunwa kamar ta kashe mu. Aka ba mu takardar abinci mai hotuna, na nuna wani nama a ƙaramin kasko mai hannu biyu, karahi suke ce masa. Na ce wa yaron na mutum biyu, kuma ban da yaji. Ya kaɗa min kai gefe da gefe. Na sake faɗa, ya sake kaɗawa. Na ce to ko babu ne? Ya kuma kaɗawa yana murmushi, ya tafi.

Muka zauna, shiru kake ji. Waɗanda suka zo bayanmu aka kawo musu shinkafarsu, suka ci suka wanke hannu suka fita, mu muna ta cin albasa da kokwamba da aka ajiye mana. Da abin ya iso kuwa, kasko ne guda cike, ya ishi mutum biyar. Mai yana yawo a sama ja wur, ka sa cokali sai ya nutse. An yanka citta siri-siri an barbaɗa, ga koren barkono zuru-zuru a kwance a kai, wai wannan ne ban da yajin. Matar yayana ta ɗauka koren wake ne ta gatsa. Wallahi sai da hawaye ya jiƙa mata mayafi. Ni kuma loma ta biyu na tauna kanumfari guda, bakina ya mutu. Naman dai ba laifi, ya dahu, tumatirin ya soyu, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma da lissafi ya zo sai ga kuɗin kilo guda cur, ga ruwan gora da ba mu ce a kawo ba, ga gurasa da suka riƙa ƙaro mana muna zaton kyauta ce, ga haraji a ƙasa. Na yi magana, mai karɓar kuɗin ya nuna min takarda kawai.

Daren nan ban runtsa ba, tsakanin gado da bayi na kwana. Da safe ina da alkawari da mai kargo, sai da la'asar na iya miƙewa, kayana suka bi na sati na gaba. Wannan abincin za ki ba tsohuwa mai hawan jini? Ki nemi inda 'yan uwanmu suke tuƙa tuwo a Deira ki huta.

Ɗan Maraɗi: Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. To ga shi ta yi 😂 Sannu Hajiya.

Sadi Waya: Koren wake! Zazzagawa ba ku da dama wallahi.

Hajiya Zazzau: Kai Sadi ka kiyaye ni. Bakanon da ya sha ruwan wanke hannu a jirgi ne zai yi min dariya?

Sadi Waya: Ƙazafi ne, ba a taɓa yi ba.

Alhaji Na-Kwari: Hajiya Allah ya ba ki haƙuri, amma ba cutar ki suka yi ba. Karahi da awo ake sayar da shi, rabin kilo ko kilo, kuma sai kin yi oda ake ɗora shi a wuta, shi ya sa kika daɗe. Biryani kuwa tun rana yana tukunya, zubawa kawai ake yi. Kaɗa kan nan ma “to, na ji” yake nufi. Harajin kuma na gwamnati ne, kashi 5 cikin 100, tun farkon 2018 ake karɓa ko'ina.

Hajiya Zazzau: Na mutum biyu na ce. Kilo guda na mutum biyu ne a garinsu? Alhaji ka bar kare su.

Malam Habu: Ni tambayata ɗaya ce. Yankan fa? Na ji an ce ba duk 'yan Indiya ne Musulmi ba.

Alhaji Na-Kwari: Malam, a Dubai ba ka da wannan damuwar, naman gidajen abincin nan halal ne, hukuma tana sa ido. A Indiya ne ake tambaya.

Ummu Sadik: Haka ne. Lokacin da na yi jinyar Baba a Delhi sai mun tambaya kafin mu zauna, don akwai masu sare kan dabba lokaci guda ba yanka ba. Unguwannin Musulmi muke bi. Kusa da Jama Masjid akwai Karim's, tun 1913 suke nan, ta wani ɗan lungu ake shiga. Can na fara cin nihari. Naman ƙwauri ne ake barinsa kan wuta tun dare har asuba, sai ya narke, a sa masa ɓargo, a matsa lemon tsami, a ci da gurasa mai zafi. Abincin safe ne a wajensu. Baba da likita ya hana shi maiƙo sai kallonmu yake yana haɗiyar yawu, Allah ya jiƙansa.

Maman Hanifa: Amin ya Allah.

Malam Habu: Allah ya gafarta masa, ya sa jinya ta zama kaffara.

Ɗan Maraɗi: Amin. Nihari akwai shi a Dubai ma, gidajen 'yan Pakistan. Amma a je da wuri, kafin hantsi ya ƙare.

Sista Rabi: Don Allah kar wanda ya sa Maman Hanifa ta ba Hajiya nihari da safe. Maiƙo da gishirin da ke ciki ba na mai hawan jini ba ne. Kuma ku daina haɗa Indiya da Pakistan a kwano ɗaya, ko Indiyar ma ba ɗaya ba ce. Abincin Punjab da Karachi da Delhi shi ne mai nama da man shanu da gurasar alkama. Na kudancin Indiya shinkafa ce da wake da kwakwa da tsamiya, ya fi sauƙi a ciki nesa ba kusa ba. Ki kai ta Saravana Bhavan, akwai a Karama, akwai a Bur Dubai. Asalinsu Chennai ne, tun 1981. Ki ce a ba ta idli, ƙullun shinkafa da wani wake ne da ya kwana ya tashi, a turara shi, ko ɗigon mai babu. Ko dosa, wanda in ta gani za ta ce sinasir ne aka yi masa faɗi aka soya shi ƙayau. Miyar da ake haɗowa da ita, sambar, tana da ɗan yaji, sai ta ɗanɗana tukuna. In ta ji zafi ta tsaya kan farar miyar kwakwar.

Sadi Waya: Sista ki faɗa mata gaskiya dai. Babu nama a wurin. Ko ƙwai babu.

Sista Rabi: To sai me? Mutuwa za ta yi?

Sadi Waya: Ni na taɓa shiga irinsa, na juya takarda gaba da baya ina neman kaza. Na tambayi yaron, ya dube ni kamar na zagi babansa. A biya kuɗin jirgi tun daga Kano a je a ci wake?

Ɗan Maraɗi: Sadi ka ci wake ka gode Allah, da canjin da ake yi yanzu.

Alhaji Na-Kwari: Ku kuna da bakin magana da sefarku. Mu ne muke ji a jikinmu. Dirhami ba ya motsi, a ɗaure yake da dala, 3.67, naira ce ke ta rawa.

Hajiya Zazzau: Wai ma ya maganar biza yanzu? Tun da aka sake buɗe wa 'yan Najeriya a Yulin 2024 ban koma ba. Maman Hanifa ta wa kika bi?

Maman Hanifa: Zan kira ki Hajiya, ba maganar nan ba ce.

Shugaban Zaure: Jama'a a bar maganar biza da canji, akwai ranarsu. Tambayar abinci aka yi.

Baban Amira: Ni dai in biryani ake so, a san wanne. Na Hyderabad shi ne ake jera nama da shinkafa hawa-hawa, a liƙe bakin tukunya da kwaɓaɓɓen fulawa ya turaru. Ƙamshi ya fi yawa a cikinsa. Na Karachi yana da dankalin turawa da busasshen ɗan itace mai tsami, kuma ya fi zafi sosai. Wanda cikinsa ba ya son yaji, kada ya fara da na Karachi. Abin da zan ce ma shi ne a bar biryanin a nemi pulao. Shinkafar basmati ce aka dafa cikin romon nama, kirfa da hel (wato cardamom) da kanumfari ne kawai, babu jan barkono. Na 'yan Peshawar da Afganistan har da karas da zabibi a kai. Tsofaffi suna son shi. A haɗa mata da raita, kindirmo ne da kokwamba, yana kashe zafi.

Maman Hanifa: Ai biryani ta ce, Baban Amira. Ba ka san Hajiya ba.

Baban Amira: Ki ce mata biryani ne. Wa zai tona?

Malam Habu: Subhanallah. A yi wa uwa ƙarya saboda shinkafa?

Baban Amira: Wasa nake Malam, a yi min afuwa 🙏

Anti Larai: Ba wanda ya ambaci mutanen Kerala ta kudancin Indiya, alhali su ne suka riƙe yawancin ƙananan shagunan shayin nan na Deira. Paragon a Karama, asalinsa garin Calicut, tun 1939. Biryaninsu da ƙananan ƙwayar shinkafa ake yi, ba doguwar nan ba, kuma bai kai na Karachi zafi ba. Kifinsu ma ba a magana. Sai dai ana jira, musamman daren Asabar. Ki tambayi ɓangaren iyali duk inda kika je, yawancinsu suna da shi, kada ku zauna cikin maza.

Sadi Waya: Anti kifin nan da kwakwa a miya ni ya gagare ni.

Anti Larai: Kai me bai gagare ka ba in ban da tsire?

Ɗan Maraɗi: Tsiren ma suna da shi. Seekh kebab, niƙaƙƙen nama a jikin ƙarfe. Da chapli kebab na Peshawar, mai faɗi. Sai dai ba ƙuli.

Sadi Waya: To ka ji. Tsire ba ƙuli ai gashi ne kawai.

Alhaji Na-Kwari: Abin da nake gaya wa yarana shi ne, ku leƙa ciki. In kun ga 'yan ƙasar sun cika wurin da rana tsaka, ku zauna, tukunyar ba ta kwana. In kun ga wuri fes, fitilu ko'ina, yaro a ƙofa yana kiran ku, ba kowa a ciki, ku wuce. Kuma a tambayi kuɗi da girman kwano kafin a ce a kawo. Kwano ɗaya na biryani ya ishi mata biyu.

Hajiya Zazzau: Wurin da na shiga ma cike yake da su, Alhaji.

Alhaji Na-Kwari: To ai naman kin ce ya yi daɗi.

Hajiya Zazzau: Na ce ya dahu. Ban ce ya yi daɗi ba.

Ummu Sadik: Ki saya mata karak ko ba komai, shayin madara mai hel. Ki ce a rage sukari, don hannunsu da nauyi. In kuma tana iya hawa kwale-kwale, ku tsallaka ruwa zuwa Bur Dubai, dirhami 1 ne, Meena Bazaar na nan kusa, ta ga yadi da gwal ta ci samosa.

Maman Hanifa: Kwale-kwale kuma? Hajiyar da ko gadar sama sai an riƙe ta.

Sista Rabi: Ta tafi da magungunanta dai, a jakar hannu, da takardar likita.

Maman Hanifa: In sha Allah Sista. To yanzu jama'a ina zan kai ta ke nan? Ravi, ko na Anti Larai, ko na marasa naman?

Alhaji Na-Kwari: Ravi.

Anti Larai: Paragon.

Hajiya Zazzau: Tuwo.

Sadi Waya: Maman Hanifa in jakarki da sauran wuri akwai wasu caja guda ashirin da zan haɗa ki da yaro ya kawo miki masauki, ba su da nauyi wallahi.