Tsohon gida a tsibiri: ta ina za mu fara mayar da shi masaukin jama'a?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta samu fili hekta 2 a wani ƙaramin tsibiri cikin teku. Akwai tsohon gida mai rufin kwano kimanin murabba'in mita 200, da rijiya ɗaya. Ba wuta, ba ruwan famfo, kuma sai da kwalekwale ake isa. Muna so ya zama wurin da jama'a za su riƙa keɓewa don hutu da bita, mutum 30 na kwana uku. Kan kwamiti ya rabu: wasu sun ce a fara da ɗakunan kwana, wasu ɗakin taro. Masana, me kuka gani?

Injiniya_Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun su dakata. A tsibiri ruwan sha ne ke yanke yawan baƙin da za ku iya sauka, don haka da shi za a fara.

Ga lissafin. Ka ware wa kowane mutum lita 60 a rana, sha da girki da wanka da bayan gida. Mutum 30 lita 1,800 ke nan, taron kwana uku lita 5,400. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama tana ba da lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, amma kusan kashi 20 cikin ɗari na ɓacewa. Idan wurin yana samun milimita 1,000 a shekara, rufinku zai tara kusan lita 160,000. Sai dai ruwan ba ya zuwa lokacin da kuke so. In ana wata huɗu ba ruwa kuma kuna taro biyu a wata, ga masu kula da wurin mutum biyu, kuna buƙatar ajiyar kusan lita 60,000. Ku raba shi tankuna da yawa, kowanne da makullinsa, don kada ɗaya ya fashe ku wayi gari ba ko ɗigo. Ku sa raga a bakin indararo, sannan a karkatar da ruwan farko, kamar lita 200, domin shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye.

Rijiyar nan kuwa ku bi ta a hankali. A ƙaramin tsibiri ruwan daɗi yana yawo ne a saman ruwan gishiri, kamar mai a kan ruwa. Kuka sa babban inji kuka zuƙa da ƙarfi, gishirin zai taso daga ƙasa, rijiyar ta koma zartsi, kuma tana iya daɗewa ƙwarai ba ta dawo ba. Ƙaramin famfon sola mai ja kaɗan-kaɗan ya fi. Ku kai ruwan gwaji a ƙarshen rani, lokacin da ya fi lalacewa. Masai da sokawe su yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiyar, ta ɓangaren gangare, kuma ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. In ruwan yana kusa da sama, ku yi busasshen masai, wanda ba a kora shi da ruwa, mai ɗaki biyu a kan tudu.

Direban_Jirgi:
Injiniya, maganarka dutse, amma tankunan nan ta ina za su sauka? Ni a ganina matsayar jirgi ce ta farko. Malam, ku je ku duba gaɓar lokacin da teku ta janye sarai da lokacin da ta cika maƙil, ku kafa sanda ku yi alama. Wurin da ya yi kyau da safe yana iya zama taɓo zalla da rana. Ku zaɓi gefen da iska ba ta bugawa. In tazarar cika da janyewa tana da yawa, dandamali mai yawo a kan ruwa da gadar da ke bin sa ya fi kafaffen siminti, musamman saboda tsofaffi.

Rigar ceto ga kowane fasinja, har da ta yara, kuma kada a wuce adadin da aka rubuta wa jirgin ko da mutum ɗaya. Ku ajiye abinci da ruwan ƙarin kwana biyu, domin iska na iya hana fita. Ku kuma rubuta yadda za a fitar da marar lafiya da dare: wane jirgi, wa ke tuƙi, ina man ajiya yake.

Magini_Babba:
Nawa gajere ne. Kada ku yarda a kwaɓa kankare da yashin bakin teku ko ruwan zartsi. Gishirin yana cin rodi daga ciki, tsatsar ta kumbura, ginin ya tsage. Ƙusa da sukurori da hinjin ƙofa su zama na ƙarfen da ba ya saurin tsatsa (stainless) mai lamba 316, ko aƙalla waɗanda aka shafe da zinki mai kauri. Siminti a shigo da shi daidai aikin 'yan makonni, a ɗora kan katako, don raɓa tana daskarar da shi a buhu. Ku fara gyara rufin tsohon gidan ku ɗaure shi da jikin bango, tunda shi ne zai tara muku ruwa.

Lauya_Hajiya:
Yallaɓai, kafin buhun siminti ɗaya ya hau jirgi, a tabbatar da takarda. A ƙasashe da yawa gaɓar teku mallakar hukuma ce, don haka matsayar jirgi tana iya buƙatar izini na daban, haka ma mayar da gidan zama masaukin baƙi. A kawo safiyo ya fitar da iyaka. Filin ya kasance da sunan ƙungiya mai rajista da amintattu, kada a sa sunan mutum ɗaya, saboda rigimar gado. Ku zauna da mazauna tsibirin tun yanzu a kan hanyoyin da suka saba bi, wurin ɗaure kwalekwalensu, hayaniya da shara, a rubuta abin da aka amince. Taron farko ku gwada da mutum 10, ku auna ruwan da ya tafi, sannan ku yanke yawan ɗakunan da za a gina.