A yafe wa ɗalibai bashin NELFUND ko kowa ya biya abin da ya ci?

Auta: Salam 'yan gida. Ni dai gaskiya gwamnati ta yafe mana bashin NELFUND ɗin nan, wato asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rancen karatu, kawai kowa ya huta. Tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, dubu 20 ɗin da ake ba mu a wata ko abinci ba ta isa balle kuɗin mota da fotokwafi, sannan ka gama ka fito ba aiki ga bashi a wuyanka

Yaya Babba: Ke Auta wa ya ce ki biya yanzu? Sai a Mayun 2024 fa aka fara neman bashin nan, kuma doka ta ce sai shekara 2 bayan bautar ƙasa za a fara karɓa, kashi 10 cikin 100 na albashi, in ba ki samu aiki ba ki yi rantsuwa a rubuce a ɗaga miki

Auta: Ɗagawa daban yafewa daban Yaya

Yaya Babba: To ai babu ruwa a kansa. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, dubu 100 da kika karɓa bana in kin tashi biya bayan shekara 6 ko 7 dubu 100 ɗin za ki mayar, me za ta saya a lokacin? An riga an yafe miki kaso mai tsoka ba ki ma sani ba

Kawu: Ku yara ba ku san an taɓa yin wannan ba. Zamanin Gowon a 1972 an kafa hukumar ba ɗalibai rance, mutane suka ci suka ƙi biya suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, haka ta durƙushe, a 1993 aka sake yin dokar bankin ilimi shi ma bai je ko'ina ba. Kwanan nan ma kun ga yadda aka yi da Anchor Borrowers, shirin ba manoma rance. Duk randa gwamnati ta furta yafiya sau ɗaya wallahi ba wanda zai sake biyan sisi, kuma ƙannenku da ke firamare su za su tarar da asusun wayam

Anti Malama: Kawu da girmanka amma ni nan na saɓa maka kaɗan. Jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista a 2023, wasu ninki biyu wasu fiye, sai aka ce wa yara ga bashi ku je ku biya. Ƙungiyar malaman jami'a ASUU tun farko ta ce tallafi ya kamata a ba su ba rance ba. Ku da kuka yi karatu kusan kyauta har da tikitin abinci, yanzu ku ne masu cewa a biya

Kawu: Haka ne mun ci kaza a kafteriya ban musa ba, amma mu nawa ne a lokacin?

Goggo: Ni ban yi boko mai nisa ba amma ina da tambaya. Yarona walda ya koya, kullum yana biyan harajin kasuwa da kuɗin wuta, ba wanda ya ba shi ko kwabo. In aka yafe wa Auta daga aljihun wa za a cike? Shi wa zai yafe masa bashin janareta?

Auta: Goggo ai a Amurka ma Biden ya yafe

Yaya Babba: Rabin labarin kika ji. A 2022 ya ce zai yafe dala 10,000 ga mai bashi, har 20,000 ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, a Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta soke shirin da alƙalai 6 cikin 9, ta ce dokar da ya dogara da ita ba ta ba shi wannan ikon ba. Kuma su nasu da ruwa yake yana ta hawa, namu a tsaye yake

Anti Malama: Amma ka faɗi sauran mana, suna da tsari tun 2007 wanda in ka yi wa gwamnati aiki shekara 10 kana biya sai a share ragowar. Wannan nake so a yi mana, wanda ya yarda ya je ƙauye ya koyar ko ya riƙe asibitin sha-ka-tafi a share masa. Kuma ayar Baƙara ta 280 ta ce a jinkirta wa mai ƙunci, in an yafe ma ya fi alheri

Kawu: Wannan mai dukiyarsa ake faɗa wa, kuɗin baitulmali amana ce ba na shugaban ƙasa ba ne. Amma batun ƙauyen nan na yarda, aiki ya yi aka biya shi

Auta: To in aikin gwamnatin ma ba a ɗauke ka ba fa Kawu? Ajinmu kaf ba wanda yake da uwa a gindin murhu

Goggo: Ni har yanzu ba a amsa min tawa ba