Ɗana ya doshi shekara uku bai fara magana ba, an ce in daina kai shi wurin wasa

Saƙon wata 'yar'uwa (an ɓoye suna):

Assalamu alaikum Admin da 'yan guruf. Don Allah a sakaya sunana, akwai dangin mijina a nan. Ɗana shekararsa 2 da wata 8, har yau bai ce Mama ba. In yana son abu sai ya kama hannuna ya ja ni, in ban gane ba ya zube ƙasa yana ihu. Tafiya ma sai da ya kusa shekara biyu ya yi.

Da a Tudun Wadan Zariya muke haya, daga ni sai shi sai babansa, hankalina kwance. Mai gidan hayar ya ƙara kuɗi, muka tattara muka koma gidan su mijina a cikin Birni. Ɗakin da aka ba mu kuwa matar ƙanin mijina ce ta daɗe tana sa masa rai za ta zuba kayanta, to tun ranar da muka sauka ba ta sake min fuska ba. Igiyar shanya rigima, guga rigima, hatta wurin da na kafa murhu sai da aka kai ƙara gun Hajiya, uwar mijina. Ɗanta wata biyu kacal ya ba nawa, amma har aike yana kaiwa. Rannan na ji yaran gidan suna kiran nawa bebe, kuma na san ba su suka ƙirƙiro ba.

Wata maƙwabciyarmu ta da ce ta haɗa ni da wata malama a Hanwa mai tara yara masu jinkiri a falonta, Litinin, Laraba da Asabar. A Jami'ar Jos ta karanci koyar da yara masu buƙata ta musamman. Uwa ba ta ajiye yaro ta tafi, tare ake zama a tabarma. Ana mirgina ƙwallo tsakanin yara kowa ya jira layinsa, ana hura kumfar sabulu, ana jefa marafan kwalba a gwangwani, ana waƙa da tafi. Ta hana ni miƙa masa abu da zarar ya ja ni, wai in riƙe kofin kusa da bakina in ce "ruwa" in ɗan jira. Yanzu ya fara nuni da yatsa, da ba ya yi.

Matsalar, dubu 15 ne a wata ban da kuɗin Keke Napep. Baban ya ce shi bai ga dalilin biyan kuɗi don a yi wasa da marfin kwalba ba, gara a sa shi nazare ya shiga cikin yara bakinsa ya buɗe. Hajiya kuma ta ce shi kansa baban sai da ya shekara 4 ya yi magana, kuma a kira wanzami ya duba ƙasan harshen. Ni na rasa inda zan sa kaina. In cire shi ko in dage?

Maman Ilham: Allah sarki, Allah ya buɗi bakinsa. Ki bi maganar mijinki. Ɗan yayata haka ya yi, ana sa shi nazare a Sabon Gari zango ɗaya ya dawo da surutu har ana toshe kunne.

Anti Nas: Baiwar Allah, kin ba mu labarin guga da igiyar shanya amma ba ki faɗi abin da ake buƙata ba. Da aka haife shi ya yi kuka nan take? Ya yi ciwon shawara a satin farko, idonsa ya yi ɗorawa? Ya taɓa sanƙarau, ƙyanda, ko zazzaɓi mai jijjiga? Kunnensa na zubar da ruwa? Sannan an taɓa gwada jinsa? Amsa min waɗannan tukuna.

Mai tambaya: Anti ya yi shawara, an kwantar da mu aka sa shi a fitila, amma ai ya warke tun tuni. Ji kuma yana ji sarai. Ko a ɗaki yake in aka buga ƙofa da ƙarfi yana firgita, babur ɗin babansa ma yana ganewa.

Anti Nas: To nan ne. Shawara mai tsanani ga jariri tana taɓa jijiyar ji, tana taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, ga shi kin ce tafiya ma ya makara. Jin bugun ƙofa daban, rarrabe kalmomi daban. Akwai yaron da zai ji ƙarar babur amma magana ta zo masa a dagule, to da me zai kwaikwaya? Ki je Asibitin Koyarwa na Shika, ki fara da sashen yara, su za su tura ki sashen kunne da na gashin ƙashi in da buƙata. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Akwai gwajin da ake manna wa yaro 'yan wayoyi a kai yana barci, ba ya buƙatar ya amsa komai. Yaro ɗan shekara 2 ana sa ran ya haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "Mama zo". Naki ya wuce da wata 8 ko ɗaya babu. Wannan ba na jira ba ne.

Ummu Sadik: Ni dai ba na raina asibiti, amma kada a manta da addu'a. Gidan yawa kike, kin kuma faɗi da bakinki akwai mai jin haushinki. Ki riƙa yi masa tofi safe da yamma, ki nemi malamin kirki ya yi masa ruƙiyya.

Maman 'Yan Biyu: Masu cewa a sa shi nazare ba su san abin da suke faɗa ba wallahi. Tawa 'yar na sa ta, yara sun fi talatin a aji, malama ɗaya da mai raino. A lungu take wuni da jiƙaƙƙen wando. Ranar da ta ciji wani yaro aka kira ni ofis aka ce sauran iyaye na ƙorafi, in nemi wani wuri, kuɗin zangon ma ba su mayar ba. Uban kuwa cewa ya yi daga danginmu aka kwaso, su a gidansu babu irin wannan. Shekara nawa ina wahala da yarinyar nan ni kaɗai, ko katin asibiti bai taɓa riƙewa ba, amma in baƙi suka zo shi ne mai cewa a shigar da ita ɗaki. Bari in yi shiru kawai.

Maman Ilham: To ai ba duka makarantu suka zama ɗaya ba. Kada ki tsorata ta.

Anti Nas: Maman Ilham, ɗan yayarki da ma zai yi magana ko an kai shi ko ba a kai shi ba. Zama cikin yara ba ya gyara kunne. Maganar wanzami kuwa kada ki kuskura. Zaren ƙasan harshe yakan hana jariri kama nono da kyau, ko ya karkata wasu haruffa, amma ba ya hana yaro magana ɗungurungum. Abin da za ki samu jini ne da ciwo, ga aska da ba ki san bakin wa ta shiga ba. Ummu Sadik, a yi addu'a, ba wanda ya hana, a yi ta a hanyar Shika. Wata tambayar: awa nawa yake yi da waya?

Mai tambaya: Anti ina ba shi ne kawai in zan yi girki, don in na sake shi tsakar gida dukansa suke yi. Kuma katun na koyon ABC ne, ba shirme ba. Ba ku san gidan nan ba ne.

Anti Nas: Ko na koyon me ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allo, ƙasa da haka ya fi. Waya ba ta jira ya amsa mata. Ki zaunar da shi kusa da ke nesa da wuta, ki ba shi kwano da ludayi, kina yi kina faɗa masa sunan komai. Abin da malamarku ke koya miki ke nan, kuma daidai take. Awa biyun falonta ba shi ne maganin ba, abin da kika kwaso kika yi a gida wurin wanka da cin abinci shi ne. Amma ita ba ta ce ki gwada kunnensa ba?

Mai tambaya: Ta faɗa tun farko. Na ga yana samun ci gaba ne, kuma ba zan iya tunkarar babansa da kuɗin gwaji a kan na wata ba. Ku fa gane, mutumin nan ba mugu ba ne, kasuwa ce ba ta tafiya.

Baban Amira: A yi haƙuri na shigo maganar mata. Namiji in aka ce masa wasa ba zai biya ba. Ki roƙe shi ya raka ki ranar Asabar ya gani da idonsa, ko ki sa likita ya faɗa masa. Mu maganar likita muke ji.

Maman 'Yan Biyu: Hmm. Wasu mazan dai.

Ummu Sadik: Don Allah a ina malamar take a Hanwa? Ɗan ƙanwata ba ya kallon mutum a ido, ba ya amsa sunansa, wani ya ce galahanga ce. Tana karɓar irinsu?

Anti Nas: Shi ma a fara da gwajin ji da likitan yara kafin a laƙaba masa suna. Mai tambaya, in kuɗi ɗaya gare ki wannan watan, ki kai shi gwaji, ki roƙi malamar ta ɗaga miki ƙafa.

Mai tambaya: In na fasa wata guda wata za ta ba gurbinsa, akwai masu jira, kuma in na fita baban ba zai yarda in koma ba. Na gode duka. Yanzu Hajiya ta aiko wai wanzamin zai zo ranar Asabar da safe, kuma ranar ce muke zuwa Hanwa. Zan ga yadda zan yi.

Maman Ilham: Nazaren da na ce miki har yanzu suna ɗaukar yara, in kina so ki yi min magana ta akwati.