Neman kalma: me za mu kira masu ɓata murjanin da ake kiwo a tanki?

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni wani shirin kimiyya na minti 12 in mayar Hausa, za a naɗi murya ranar Alhamis da hantsi, yau ga shi Talata. Shirin a kan mutanen Jamus da Amurka ne masu kiwon murjani a falonsu, cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Kusan rabinsa a kan abin da suke kira "pests" ne, wato halittun da ke maƙalewa a jikin sabon murjani su shiga tanki su yi ɓarna. Uku aka fi ambata: Aiptasia, mai kama da fure amma dabba ce mai harbi, wasu tsutsotsi masu faɗi da ke cin naman murjanin Acropora, sai wasu jajaye 'yan mitsi-mitsi. Na rubuta "ƙwari" na goge har sau uku. Akwai kuma "dip", shi ma ya tsaya mini. A taimaka wa 'yar uwa.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Ƙwari mana. Manomi bai san wata kalma ba, shi kuma yake sauraron rediyo.

Uwar Biyu: A'a Malam, ƙwaro ai da ƙafafu da fiffike. Ka ce wa abu mai kama da fure ƙwaro? Ni "maɓarnata" zan sa. Maɓarnatan murjani.

Ɗan Jidda: Yaya, wannan aikina ne. Shekarata shida ina wanke irin tankunan nan a gidaje da ofisoshi a nan Jidda. Bari in faɗi halin kowanne, masu ilimi su raɗa suna. Aiptasia ba ta cin murjani, harbinsa take yi ta ƙwace masa wuri. Abin haushin, in ka kankare ta, kowane ɗan guntun da ya rage a dutse sabuwa zai zama. Ka kashe ɗaya ka wayi gari da goma. Shi ya sa ba ma kankarewa, sai dai mu ɗura mata ruwan lemun tsami ko kalkwasa, wani ruwan sinadarin kalsiyam, da sirinji a baki, ko mu saka mata abokin gaba: wani jatan lande mai jan zane, ko Berghia, dangin dodon koɗi ne marar ƙoƙo. Shi Berghia ba ya cin komai sai ita, in ta ƙare yunwa ce ke kashe shi, sai mu kwashe mu kai tankin wani. Su kuwa tsutsotsin, kalar murjanin suke ɗauka, ba ka ganinsu sai ka ga tabon cizo fari-fari da ƙwai a gindin reshe.

Bahaɗeje: To ai wannan kacala ce, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Ku zo Haɗeja zuwa Nguru ku ga yadda ta toshe mana hanyoyin ruwa, a yanke ta sake tohowa. Kacalar teku, an gama.

Uwar Biyu: Ko ƙudujin murjani.

Ɗan Jidda: Ƙuduji tsotsar saiwar dawa yake yi, Hajiya. Wannan ba ta tsotsa. Kacala ta fi kusa.

Malam Nahawu: Ku dakata. Kun fara gini ba ku duba harsashi ba. Wa ya ce muku "murjani" ta zauna? Bahaushe in ya ji murjani, jan dutsen wuya yake gani a lefe. Ki ce a rediyo tsutsa na cin murjani, tsohuwa za ta tashi ta buɗe adakarta ta duba. Sannan "tanki". Muna da kwami, muna da randa, muna da kwatarniya, amma sai an ari tanki. Wannan lalaci ne.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, kwami ai na shayar da shanu ne. Wannan gilashi ne garai-garai, da fitilu da injin sanyaya ruwa don kada ya wuce digiri 25 ko 26.

Ɗan Bor Sudan: Malam, a kan murjani ban bi ka ba. Kalmar tana cikin Suratur Rahman, aya ta 22, tare da lu'ulu'u, kuma daga teku aka ce suna fitowa. Jan da mata ke sawa ƙashin wata dabba ce ta Bahar Rum, ana sarrafa shi a Italiya, garin Torre del Greco ya yi suna a kai. Mu nan bakin Bahar Maliya muna ganin mai ransa, ga Sanganeb can cikin ruwa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016. Kalma ɗaya ce. Ta ce "murjani mai rai" sau ɗaya a farko, shi ke nan.

Malam Nahawu: Na karɓi wannan, tunda an kawo aya. Amma Aiptasia ba za ta shiga bakin Bahaushe ba, kuma kacala ciyawa ce, wannan dabba. Hausa tana da hanyarta ta raɗa suna da hali. Mun ce faɗi-ka-mutu, mun ce dafa-duka, mun ce ka-fi-zabo. Bisa abin da yaron nan na Jidda ya bayyana, sunanta tsinka-in-yaɗu. Ku maimaita a bakinku ku ji. Tsinka-in-yaɗu. Ta faɗi halin, ta kuma gargaɗi mai tanki kada ya tsinka.

Bazazzagi: Malam, wannan ai kirari ne ba suna ba. Kafin mai gabatarwa ya gama faɗa lokacin labarai ya yi.

Malam Nahawu: Gaɓa biyar ce. Aiptasia nawa ce? Ƙirga. Ba ka yi ƙorafin ta Bature ba sai tamu.

Bakano: Ni dai na goyi bayan Malam, ko don Bazazzagi ya ƙi. Yaushe aka fara tambayar Zazzagawa Hausa?

Bazazzagi: Ranar da Kanawa suka daina cewa "sai da" suna nufin sayar da. Ku fara biyan bashin haruffan da kuka haɗiye.

Ba'adare: Kullum haka kuke. Ku yanke hukunci tsakanin Kano da Zariya, ku ce Hausa ta yarda. Mu a Tawa ba a tambaye mu ba, kuma shirin har nan za a ji shi. In mun ari kalma daga Faransanci ku ce mun ɓata harshe, ku kuwa kun cika baki da tanki da sirinji.

Malam Nahawu: Ka ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Tsinka-in-yaɗu ba ta Ingilishi ba ce ba ta Faransanci ba, daga Agadas har Kumasi za a gane ta.

Uwar Biyu: Za a gane kalmomin, ba za a gane dabbar ba. Ɗana in ya ji shirin ya je intanet ya rubuta tsinka-in-yaɗu, me zai gani? Babu. In ya rubuta sunan kimiyyar zai ga hoto.

Malam Nahawu: Ai sai an fara rubutawa za a gani, Hajiya. Jirgin sama ma wani ne ya fara faɗa.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Ba wanda ya taɓa mini "dip" har yanzu.

Ɗan Jidda: Shi mai sauƙi ne. Kafin sabon murjani ya shiga babban tanki, ana tsoma shi a roba mai ruwan magani kamar minti 10, a riƙa kaɗawa, tsutsotsin su zubo, a ɗauraye. Sai dai maganin ba ya kashe ƙwai, dole a kankare su, a maimaita duk mako har wajen mako shida, a wani ƙaramin tanki daban. Jajayen nan kuwa dangin jatan lande ne, maganin tsutsar zuciya na karnuka ake sa musu, kuma yana kashewa har da ƙaguwa da jatan landen da ka saya da kuɗinka. Na taɓa yi wa wani maigida wannan asarar ina sabon zuwa, ranar ban ci abinci ba.

Bahaɗeje: Wankan kaska ke nan, irin na shanu. Likitocin dabbobi ma haka suke yi.

Uwar Biyu: "Wankan magani". Ƙaramin tankin kuma "tankin killacewa", tun korona kowa ya san killace.

Bazazzagi: Wannan ba gardama.

Malam Nahawu: Wankan magani ta yi. Ban da tankin.

Mai Fassara: To ga abin da na tsayar, Allah ya saka wa kowa. Gaba ɗayansu: maɓarnatan murjani. Masu faɗin: tsutsar Akurofora. Jajayen: jajayen ƙwarin murjani, Malam Bazazzagi ka samu taka a nan. Wankan magani, tankin killacewa. Ita kuwa babbar, zan rubuta Aiftasiya, a ambaton farko in ƙara da cewa "wadda wasu ke wa laƙabi da tsinka-in-yaɗu". Kacala zan sa ta a misali kawai.

Malam Nahawu: "Wasu". Mutum ɗaya ne ya raɗa, kuma yana nan da ransa. Sannan kin sa ta Bature a gaba tamu a baya kamar 'yar rakiya. Ba komai, 'yata, aikinki ne.

Bahaɗeje: Ni an mayar da kacalata misali ban ce uffan ba.

Mai Fassara: Yau Alhamis, an naɗi shirin ɗazu. Mai gabatarwa ya yi tuntuɓe a Aiftasiya sau biyu, daga nan ya koma tsinka-in-yaɗu har ƙarshen shirin, furodusa bai tsayar da shi ba. Kashi na biyu mako mai zuwa, a kan yadda ake yanko reshen murjani a dasa. Su "frag" suke cewa.

Uwar Biyu: Dashe.

Malam Nahawu: Dashe aikin ne, ba reshen ba. Ku ba ni zuwa gobe. Kuma har yanzu ban yarda da tanki ba.