Wa zai ba ni Hausar "fjord"?

Jama'a, ina rubuta wani labari a kan wata ƙasa da na ƙirƙira da kaina, can arewacin duniya a bakin teku, mai sanyi da hazo, kuma kalma ɗaya ta tsayar da ni kusan sati biyu: fjord. Kalmar mutanen Norway ce, ana furta ta fiyod.

Ga abin da take nufi. A zamanin da, tulin ƙanƙara mai nauyi ya riƙa gangarowa daga tsaunuka yana nuƙe dutse, har ya haƙa kwari mai zurfi. Da ƙanƙarar ta narke, teku ta malalo ta cike ramin. Sai ka ga ruwan gishiri ya kutsa cikin ƙasa, dutse tsaye kamar katanga hagu da dama. Mafi tsawo a Norway shi ne Sognefjord, kusan kilomita 205, zurfinsa ya haura mita 1,300. Layin dogo daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja kilomita 186 ne, to kun ga ya fi shi.

Na fara da "mashigin teku". Bai yi ba, don mun riga mun ba Hormuz, wanda ke tsakanin Iran da Oman, wannan sunan, kuma jirgi kan shiga ta nan ya ɓulle ta can. Fiyod kuwa ba ya ɓullewa.

Wani malamin labarin ƙasa a Tudun Wada ya ce min, "Malam, ai kwarin teku ne, ka huta." A ilimance ya yi daidai. Amma rabin masu karatu a waya ba sa bambanta k da ƙ, za su ɗauka ƙwari nake nufi, masu cizo. "Kwazazzabon teku" ma na gwada, sai dai kunnen Bahaushe zaizayar damina yake ji, irin mai cinye gidaje.

Yayata ce ta warware, tana tankaɗe ina karanta mata. Ta ce, "Kai dai ka cika wahalar da kanka. Matsattse ne, bango biyu, ƙarshensa a toshe? Lungu ke nan."

Lungun teku. Jam'i, lungunan teku.

Na ce, "Yaya, lungu ai ƙarami ne." Ta ce ƙaramin ne idan ka gwada shi da teku. Na yi shiru.

Abin da ya sa na kama ta da hannu biyu shi ne siyasar labarin. A ƙasar tawa babu hanyar mota tsakanin lungu da lungu, sai kwale-kwale, don haka kowane lungu da sarkinsa, da karin harshensa. Bakin fiyod kuma yakan fi cikinsa rashin zurfi, saboda tarkacen duwatsun da ƙanƙara ta zube a wurin, babban jirgi sai da ɗan jagora. Ruwan ba ya daskarewa da hunturu, kamar yadda igiyar ruwan ɗumi daga Tekun Atlantika ke hana tashar jiragen ruwa ta Narvik a Norway daskarewa, saboda haka ciniki ba ya tsayawa. Wanda ya zauna a baki shi ke karɓar kuɗin fito, na ciki su biya ko su kwana da yunwa. Duk wanda ya tashi a Unguwar Sanusi ya san ikon mai shago a bakin lungu.

Na sa lungun teku a babi na farko. Saura shi tulin ƙanƙarar mai tafiya. "Kogin ƙanƙara" nake kiransa yanzu, amma bai zauna min ba tukuna. Mai wata kalmar ya kawo.